Durƙuson da Aka Sa Zulai a Ajin Turanci

Zuwa ga Shugabar makarantar 'yan mata da ɗiyata Zulai ke karatu, Ƙaura Namoda.

Ranki ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan aiki na tafiya lafiya. Na zo ofishinki ban same ki ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Ni mai awon hatsi ne, mutumin Moriki. Rashin tsaro ya taso mu bara, na kawo Zulai aji biyu na ƙaramar sakandare.

1. Ranar Laraba malamin Turanci ya koya musu cewa kalmar "fast" sifa ce kawai, watau tana bayyana abu, kamar doki mai sauri. Zulai ta ɗaga hannu ta ce malaminsu na Moriki ya koya musu tana iya zama bayanau, mai nuna yadda aka yi aiki, kamar a ce ya yi gudu da sauri. Ta tambaya wanne za ta rubuta a jarrabawa.

2. Bai ba ta amsa ba. Ya ce ambaton wani malami a gabansa rashin tarbiyya ne, ya sa ta durƙusa kan tsakuwa har aka tashi. Yanzu 'yan ajin ko a hanya suka gan ta "Malamar Moriki" suke kiranta.

3. Ni ban san Turanci ba, ban kuma ce ga mai gaskiya tsakanin malaman biyu ba. Na san dai a makarantar allo ba ma ja da malam, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban raina wannan ba. Amma ko can, in ka zo da karatun wani gari, malam kan saurara ya gyara maka. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. Yarinyar da aka ba amsa biyu, ina za ta kai tambayarta in ba aji ba?

Raina ya ɓaci ƙwarai. 'Yan bindiga ne suka raba ta da makarantarta ta farko, wallahi ba zan so a ce malami ne ya raba ta da ta biyu ba. Tun ranar jakarta na rataye a ƙusa, ta ce gara ta taya uwarta surfe.

Ba na neman a hukunta kowa. Roƙona malaman Turancinku su zauna su duba littafi, su tsai da magana ɗaya, a faɗa wa ajin gaba ɗaya, Zulai na zaune a kan benci. Ranar Litinin zan kawo ta da kaina. Na yi mata alkawari za a amsa mata, ina roƙo kada ki sa na zama maƙaryaci a idon ɗiyata.

Allah ya taya ki riƙo, ya ba mu zaman lafiya.

Wassalam.
Mahaifin Zulai, kasuwar Ƙaura.