Mama ta fara yin lulluɓi a gaban Baba

Ustaza Rabab, don Allah ki taimake ni. Duk garin Irbid na rasa wanda zan iya faɗa wa wannan maganar.

Babana, Abu Nidal, manomin zaitun ne. Tun tasowata ban taɓa jin ya zagi ko da jaki ba, alhali kin san mazan nan namu, mota ta ƙi tashi sai su hau zagin addininta. Shi kam ko a bakin wani ya ji, haka zai yi ta istigfari har ya iso gida. To bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, wani lokacin ma da sunan yayarsa marigayiya yake kirana. Yanzu duk sanda muka zo juya shi ko yi masa wanka, sai ya ɓarke da zagin addini, har da abin da hannuna ba zai iya rubutawa ba.

Kawu Fayiz, yayan Mama, ya ji da kunnensa ranar da ya zo cin mansaf, shinkafar nan tamu da naman rago. Nan take ya ce Baba ya kafirta, kuma duk wanda ya zagi addini aurensa ya warware, sai ya tuba an sake ɗaurawa. Ta yaya zai tuba, mutumin da bai san safiya ba bai san yamma ba? Tun ranar Mama ta kwashe shimfiɗarta ta dawo ɗakina. In za ta kai masa shayi sai ta yi lulluɓi kamar za ta gaban baƙo, ta ajiye, ta fito kicin ta yi ta kuka. Shi kuma daga hannunta kaɗai yake yarda ya ci abinci, ga shi nan yana ta ramewa. Ni kaina tsoro nake ji. Da gaske Babana ya kafirta?

'Yar manomi, Irbid

'Yata, share hawayenki.

Kawunki ba mugunta ya yi ba. Zagin addini babban saɓo ne, kuma hukuncin da ya faɗa malamai sun yi maganarsa, amma a kan mai hankalin da ya san abin da yake furtawa. Ya dai ɗauko hukunci da gudu ya manta da duba mutumin.

Mu nan mun saba, da an ji wani ya yi ashar ya taɓo addini sai mu ce ya yi kafirci, har mun manta asalin kalmar. Asalinta rufewa ne. Larabawan da can har manomi sukan kira da ita, don yana rufe iri da ƙasa, haka ma dare, don yana rufe komai. Aka ba wa mai ƙaryata Allah sunan saboda gaskiya ta zo masa, ya gan ta, ya binne ta da gangan. To me Abu Nidal ya binne? Shi ne ma ciwo ya rufe. Wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa laifi, wannan kuwa babu saɓani a kai.

Kalmomin nan da ya yi shekaru yana ji a kasuwa yana toshe musu ƙofa, su ne suka samu hanya da mai tsaron ƙofar ya kwanta ciwo. Ki lura a lokacin juyi da wanka yake yi, wataƙila zafi yake ji bai da wata hanyar faɗa. Ki gaya wa likitansa. Sannan ki ɗauki Mama da Kawu ku je ofishin fatawa, su ji daga bakin mufti, don maganata kaɗai ba za ta kwantar wa Mamanki Umm Nidal da hankali ba, kuma tsoron Allah ne ya sa ta wannan kukan.

Amma kada ku jira fatawa kafin ya ci abinci. Yau ɗin nan ki zuba miyar da ya fi so, ki miƙa wa Mama cokali, ki ce mata mijinta ne, bai taɓa daina zama mijinta ba. Allah Ya ba shi sauƙi, Ya saka muku da alheri.

Rabab