Allonka Na Cewa Bakwai, Tukunya Na Cewa Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga Alhaji, Shugaban kamfanin gyaran shinkafa da nake yi wa aiki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyalinka.

Ranka ya daɗe, sunana Habu. Ni ke kula da tukunyar tururin da muke turara shinkafa da ita, shekara goma sha tara ke nan. Sau uku ina rubuto maka ta hannun Manaja, ban ji amsa ba, kuma ba na jin takardun sun iso gidanka na Unguwar Rimi. Shi ya sa na fito fili. Ka yi haƙuri, tsoro ne ya kawo ni nan.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar Sallah ɗan kwangila ya canza na'urar da ke jikin tukunya. Wannan na'ura tana ajiye kowane bayani a gurbi mai lamba, kamar akwatunan gidan waya: gurbin zafi daban, na ruwa daban, na matsin tururi daban. Kwamfutar ofis ba ta ganin tukunya. Tambaya kawai take aikawa ta waya, ta ce a ba ta abin da ke gurbi kaza, sai a ba ta. Tsohuwar na'ura daga ɗaya take fara ƙirga gurabenta, sabuwar kuwa daga sifiri. Ɗan kwangila ya ɗaura, ya ga lambobi sun fito a allo, ya wanke hannu ya tafi. Tun daga ranar, duk ƙofar da kwamfuta ta ƙwanƙwasa ta maƙwabci ce.

Maƙwabcin gurbin matsi shi ne gurbin da aka rubuta matsin da ake so tukunya ta tsaya a kai, wato bakwai. Don haka allo kullum bakwai yake nunawa. Bakwai ɗin da ke shigo maka waya kowace safiya ke nan, har ka aiko a yaba mana. Kwamfutar nan ita ce ya kamata ta tsayar da injin zuba ɓuntu a wuta in matsi ya wuce tara. Ba ta taɓa ganin tara ba, ba kuma za ta gani ba.

Na biyu. Ranar Talatar makon jiya, bayan azahar, allurar agogon auna matsi da ke jikin tukunya ta tsallake jan layi ta kai goma sha ɗaya. Na ruga ofis na danna umarnin tsayar da ɓuntu. Umarnin ma gurbin maƙwabci ya faɗa, sai famfon da ke ba tukunya ruwa ya mutu, wuta kuwa tana ta ci. Duk wanda ya taɓa barin tukunya a kan murhu ba ruwa ya san ƙarshenta. Da gudu na koma na kashe injin ɓuntun da hannuna, na janye wuta da shebur. Da na gama na zauna a ƙasa ina salati. Da na koma ofis allo na nan da bakwai ɗinsa.

Na uku. Bawul ɗin da ke saman tukunya, mai sakin tururi in ya yi yawa, ya yi ta ihu a makonnin nan. Ruwa ba ya tsami banza. Amma Manaja ya ce kwamfuta ba ta ƙarya, agogona ne ya tsufa, ni ma na tsufa tare da shi. Ya ce ihun yana firgita dillalai, ya sa aka ɗaure bawul da wayar ƙarfe. Ranar Lahadi da babu aiki na kai Manaja gaban tukunya, na ɗora tafin hannuna a jikinta, sanyi ƙalau, sannan na nuna masa allo yana cewa bakwai. Malam Yakubu mai gyaran lantarki ya buɗe masa takardun na'urorin biyu, ya ce gyaran bai wuce a rage ɗaya daga kowace lamba a gwada ba, aikin wuni guda. Manaja ya ce motoci sun yi layi a ƙofa, sai bayan kaka.

Alhaji, bayan bangon tukunyar nan mata goma sha huɗu ne ke zaune suna ɗinke buhuna, bulo ɗaya ne tsakaninsu da ita. Cikinsu akwai Inna Ladi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar. Kullum sai ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa ta taga, tana tsokanata wai tururi ya cinye mini gashin kai. Ba ta san komai ba. Yanzu in ta miƙo ba na iya kallon idonta.

Ni ma ba lafiya nake ba. Daga Rigasa nake hawo Keke Napep kowace safiya ina tunanin tukunyar nan. Ko tayar mota ta fashe a titi sai na zabura. Shekaranjiya na nuna wa matata inda takardun gida suke, sai ta fashe da kuka.

Ga abin da nake roƙo. A kashe wuta har sai an gyara lambobin nan, an gwada kowane gurbi ɗaya bayan ɗaya, ana kallon agogo ana kallon allo. A dawo da ɗan kwangila, tunda ni ya daina ɗaukar wayata. Kafin nan a matsar da matan zuwa rumfar gaba. In kana shakkar maganata, gani ya kori ji: ka zo ranar Lahadi ka taɓa tukunya, ka duba wayarka.

Na san wasiƙar nan tana iya raba ni da aikina, kuma ba ni da wata sana'a. Amma kora ta fi mini sauƙi a kan in tsaya gaban 'ya'yan Inna Ladi ina yi musu bayanin sifiri da ɗaya.

Jiya na hau saman tukunya na kwance wayar ƙarfen nan ba da izinin kowa ba. Tana cikin ambulan da na bar wa maigadin gidanka. Ranar Litinin bawul zai yi ihu, za a kira ka a ce Habu ya lalata kaya. Ina roƙonka, kafin ka sa hannu a takardar sallamata, ka tambaya ko an sake ɗaure shi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da arziki mai albarka, Ya tsare dukiyarka, Ya mayar da kowannenmu gidansa da ƙafafunsa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habu mai tukunya,
Rigasa, Kaduna.