Hoton Da Kika Yi Wa Dariya

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, in ban da raina da yake a ɓace, kuma da hannunki a ciki.

Kin fi kowa sanin yadda na fara gudun nan, tun da likita ya ce hawan jini zai kwantar da ni in ban motsa jiki ba. Kin kuma san halin hancina. Da na wuce kilomita biyar sai ya fara ƙaiƙayi, ya ɓalle da yoyo. Likita ya ce ba mura ba ce, iskar da nake zuƙa da ƙarfi ce take tsokanarsa.

Ranar Asabar na shiga tseren kilomita ashirin da ɗaya. Hankicina ya faɗi tun a kan gada, ban tsaya ɗauka ba, don wani dattijo mai jar riga yana dab da ƙeyata. Haka na ƙarasa ina sharewa da bayan hannu har fatar hancin ta saɓule. Cikin waɗanda suka haura shekara hamsin, ni na zo na huɗu.

Mai hoto bai ga wannan ba. Sai da majina ta sauko har gemu sannan ya ɗauka. Kafin Litinin hoton ya zaga wayar kowa a wurin aiki, kanikawa suka laƙaba mini Famfo. Shekara ashirin da uku ina tuƙa bas ɗin kamfanin nan ban taɓa fasa ko madubi ba, amma manaja ya kira ni ofis, ya koma can bakin taga yana toshe hanci, ya ce in ajiye mukulli sai na kawo takardar asibiti, wai kada in shafa wa fasinjoji. Kwana uku ina zaune a gida kamar mai laifi. Jiya na kai takardar. Ya karɓa da yatsa biyu, ya turo mini mukullin da bakin biro, ko haƙuri bai ba ni ba.

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ƙaninki ne ya tura hoton zauren dangi a waya, ke kuma kika bi shi da fuskar dariya har biyar. Ko na nawa na zo ba ki tambaya ba. Haba, Maman Auta!

Ɗazu Auta ta dawo daga jami'a da hoton, ta sa an wanko shi ƙato, ta rataye a falo. Na daka mata tsawa ta sauke. Sai ta ɗora yatsa saman kaina a cikin hoton, a kan agogon da ke layin ƙarshe: awa ɗaya da minti hamsin da biyu. Wallahi ni kaina ban lura da shi ba, hancin nake ta kallo kamar kowa. Na bar shi a bangon.

Ki buɗe wayarki ki sake dubawa, ki ɗan ɗaga ido sama. In kin gani, ki kira ni.

Ki gaishe da Inna da kyau. Ƙaninki kuwa ban ce ki gaishe shi ba.

Naki har kullum, duk da fushin,
Baban Auta