Kakana ya ƙi yin taimama, ni kaɗai na san dalili

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗaliba ce a Makka, a unguwar Tandabawi muke zaune. Ranar da na je asibiti duba kakana, wanda muke kira Sidi, abin da na fara gani shi ne bandejin hannunsa jiƙe sharkaf, dutsen taimama kuma ya ture shi ƙarƙashin gado. Ciwon dajin fata ne, an yi masa aiki a hannu da kunci, an hana ruwa taɓa wurin. Amma kowace salla sai ya lallaɓa ya yi alwala, har ɗinkin ya fara ruwa. Baba ya yi faɗa, ya kawo malami, Sidi ya ce ya san hukuncin tun ba a haifi malamin ba.

Bara ina yanke masa farce ya gaya mini cewa kafin ya zo Makka sojan Faransa ne. Daga Damagaram aka kwashe su zuwa hamadar Aljeriya inda aka gwada bam ɗin nukiliya. Aka ce su juya baya su rufe ido, duk da haka ya ga hasken. Ruwan da ake ba su na sha ne kawai, don haka da azahar shi da abokansa suka buga hannu a ƙasar da ƙurar bam ɗin ta sauka, suka shafa a fuska. Kullum haka suke yi, ba wanda ya ce musu guba ce. Tun da ya gane, bai sake taimama ba. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, don a unguwa mahajjacin da ya zo a ƙafa aka san shi, ba sojan Nasara ba.

A gabana likita ya tambayi Baba ko Sidi ya taɓa aiki kusa da wata guba, Baba ya ce dakon ruwan zamzam kawai ya yi ta yi. Na sunkuyar da kai. Yanzu an ce in ciwon ya ci gaba za a yanke hannun, Baba kuma gani yake rikicin tsufa ne.

Ko abinci ba na iya ci. In na faɗa na tona masa asiri, in na yi shiru hannunsa zai tafi. Kaffara za ta wanke ni? Me zan yi?

Jiya Sidi ya ce mini, "Amaryata, kin cika kallo." Na ce, "Sidi, don Allah ka sake ni daga rantsuwar nan, likita kaɗai zan gaya wa."