Dandamalin da Ya Shiga Tsakanin Mijina da Ƙanena

Gwaggo Laraba, don girman Allah ki agaza min da shawara kafin a yi kisan kai a gidana. Ba zuzutawa nake yi ba. Yanzu haka akwai adda jingine a bayan ƙofar zaurenmu, kuma ba don saran itace aka ajiye ta ba. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya take jira.

A Daura muke. Maigidana harkar hatsi yake yi tsakanin nan da Mai'adua. A bayan gidanmu akwai ɗan lambu mai mangwaro da gwaiba da zogale, a nan mahaifiyarsa Inna take wuni, don ta ce ɗaki shaƙe ta yake yi. Da damina wurin caɓi ne, shi ya sa ya yi niyyar yi mata dandamalin katako ta riƙa shimfiɗa tabarmarta. Gara kuwa ta riga ta cinye mana benci, sai wani abokinsa ya ba shi labarin katakon roba, wanda ake haɗawa da roba da dusar katako, wai gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi. Ya tafi Kano ya lodo shi, baƙi wuluk, wai baƙi ne na manya. Ni mai ruwan ƙasa na so, amma wa ya tambaye ni?

Ƙanena Kalilu kafinta ne, shi aka ba aikin. An haɗo katakon da jakar wasu ƴan maƙalai na roba, mai shagon ya ce su ake sawa tsakanin katako da katako don su bar ƴar kafa. Maigidana ya ce a gidansa ba za a bar kafa ba, kunama ta taɓa harbin ƴarmu Sumayya a lambun nan, ba zai gina wa kunamu masauki da kuɗinsa ba. Kalilu kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama, ya ce kafintan da ya bar kafa a aikinsa ai ya zubar da mutuncin ubangidan da ya koya masa. Suka tafa suna dariya. Kalilu ya matse katakan gam, ya bi su da ƙusa kamar mai rufin kwano, har bakinsu ya tokari katanga. Maƙalan kuma yara suka kwashe suna dara da su.

Da farko abin gwanin sha'awa, har maƙwabta na shigowa kallo. Bazara na kamawa ya nuna halinsa. Da rana ba ya takuwa, kuma kin san ba ma hawa wurin zama da takalmi. Sannan katakan suka fara kumbura suna ɗagowa, ƙusoshi na leƙowa. Na aika wa Kalilu ya zo ya duba. Kafin ya zo, Inna ta ɗauki butarta za ta yi alwalar la'asar, ƙafarta ta harɗe da bakin wani katako, ta kife. Wuyan hannunta ya karye, ƙusa ta yage mata ƙwauri. Daga madafa na ji ihunta.

Maigida ya kai ta wurin mai ɗori ya dawo da ita, rigarsa duk jininta. Ya kwantar da ita a ɗaki, ya fito lambu ya tsaya yana huci. Sai ga Kalilu da gudumarsa, bai san abin da ya faru ba. Kin san wasan da ke tsakanin miji da ƙanen mata, tun aurenmu ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya ga dandamali ya yi tozo, ya fashe da dariya, ya ce ko katako ma ya gaji da rowar maigidan nan, ga shi ya miƙe zai gudu, Allah dai ya sa tsohuwa ta iya tsalle.

Gwaggo, ban taɓa ganin mijina haka ba. Ya fizgo katakon da ya ɗago, da ƙusoshinsa da komai, ya maka masa a ka. Jini ya wanke wa Kalilu fuska. Ya faɗi, ya tashi, ya kai wa maigida guduma, Allah ya sa a kafaɗa ta sauka. Suka sarƙe suna birgima a kan zogalena, maigida ya shaƙe masa wuya har idanunsa suka firfito. Na faɗa tsakaninsu, gwiwar hannun wani ta fasa min leɓe, haƙorina har yau girgiɗi yake, ban ma san ta wane ne ba. Sai da maza suka hauro katanga aka ɓamɓare su.

An yi wa Kalilu ɗinki. Maigida ya rantse da Allah ranar da Kalilu ya sake taka masa gida sai ya sare shi, ni kuma in na je gidanmu to na tafi ke nan. Yayanmu Hafizu ya aiko cewa in tattara in dawo, in na ƙi zai zo da samari su ɗauke ni, wanda ya tare su ya kuka da kansa. Jiya kuma maigida ya shigo da galan na fetur, wai dandamalin zai ƙone. Inna tana kwance, an ce mata hayaniyar ta maƙwabta ce. Ina son mijina, ina kuma jin haushinsa kamar in mutu. Kalilu ma in na tuna bakinsa ji nake kamar in ƙara masa, amma jinina ne. Tsoro nake ji. Ina zan sa kaina?

Taki, Uwar Sumayya, Daura.

Uwar Sumayya, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Mu fara da abin da ba ya jiran gobe. Adda da fetur su bar gidan nan yau. Kada ke ki taɓa su. Nemi babban da mijinki yake jin nauyinsa, baffansa ko limamin unguwa, ya zo da kansa ya karɓe. Ki aika wa mahaifanku su ja kunnen Hafizu, taron samari ba zai ɗauko ki ba sai dai ya ƙara yawan masu ɗinki. Ke da Inna kuma ku je asibiti, a duba haƙorinki, a ɗauki hoton hannunta, a yi mata allurar da ake yi wa wanda ƙusa ta yanka.

Mijinki ya ga jinin uwarsa a rigarsa, sannan ya ji ana dariya. Kowane ɗan halak zai fusata. Amma katako mai ƙusa a kan mutum ya wuce fushi, da ƙusar ta nutse da yanzu zaman makoki kuke yi, shi kuma yana tsare. Kalilu bai san an faɗi ba, kuma wasan nan gado ne, ba shi ya ƙago shi ba. Sai dai mai wasa yakan duba fuskar abokin wasansa kafin ya buɗe baki, balle mutum tsaye da jini a riga. Gudumar da ya ɗaga ita ma makami ce.

Dandamalin kuwa laifin su biyu ne, tare suka tafa. Wannan katako da rana miƙewa yake yi, da sanyi ya koma, shi ya sa ake bar masa kafa a tsakani da kuma wajen katanga. Wanda aka matse bai da wurin zuwa sai sama. Kada a ƙone shi, hayaƙin roba guba ne, kuma wutarsa ba ta san iyakar lambu ba. A killace wurin yanzu. In ƙura ta lafa a cire shi, a zubar da waɗanda suka lanƙwashe, a sake shimfiɗa sauran da maƙalai da ƙusa mai murɗawa. Tsoron kunama gaskiya ne, maganinsa a daɓe ƙasan da siminti a kewaye gefen da waya mai ƙananan ido. Baƙi kuma yana shan rana, sai an yi masa rumfa.

Babban kuskurenku yanzu shi ne ɓoye wa Inna. Da sunanta aka zub da jinin nan, kuma ita kaɗai ce za ta ce wa mijinki ya zauna ya zauna. Ki sa baffan ya gaya mata gaskiya a hankali. Rantsuwar kada ta tsorata ki, malamai za su gaya masa rantsuwa kan saran mutum da yanke zumunci karya ta ake yi a yi kaffara. Kalilu ya fara aika wa Inna gaisuwa da ban haƙuri, shi kuma mijinki ya taka da ƙafarsa ya je ya duba kan da ya fasa.

In kuwa manya sun yi magana ya ƙi ba da addar, to ki ɗauki ƴaƴanki da rana tsaka, wani babba ya raka ki gidanku, a sanar da mai unguwa da hukuma. Aure ana gyara shi daga baya, amma ba zan ce ki kwana a gidan da ake jiran ƙanenki da adda ba.

Allah ya ba Inna lafiya, ya warkar da Kalilu, ya sanyaya zuciyar mijinki, ya tsare min ke.

Gwaggo Laraba