Dodon Fari Ba Fari Ba Ne

Zuwa ga Yayata Murjanatu,

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaishe ki, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba, kuma ba za ki taɓa karanta ta ba. Da Baba Malam zai gan ni ina rubuta ta, cewa zai yi in ajiye biro in yi miki addu'a, ita ce ke isa inda kike. Ina yi kullum, kin sani. Amma abin da ke cina yau mita ce, kuma duk duniya ba wanda ya iya sauraron mitata kamar ke.

Mutanen gida kowa lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, idon ne dai sai a hankali. Baba Malam yana nan da karatunsa a zaure. Mijinki Malam Nura bai daina zuwa Kurfi gaishe su ba, kuma har yanzu in an ambaci sunanki sai ya sunkuyar da kai. Waken gonar Karofi ya yi kyau bana. Ni kuma har yanzu a Dutsin-Ma nake koyarwa, daga aji sai gida.

To, fim ɗinki ya fito. Na ce naki ne don sunanki ne a jiki, ban da haka da ban san na wa zan ce ba.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, tunda bayanki ne. Labarin nan na Dodon Fari da kika riƙa rubutawa a waya, kina tura wa matan guruf shafi-shafi, shi wasu masu shirya fim daga Kano suka zo nema wurin Malam Nura. Ya ce ba zai yanke shi kaɗai ba, ya kawo maganar gida. Inna ce ta ce a ba su, tun kafin a rufe baki. Kin san dalili. Ba ta karatun boko, ke kuma kullum cewa kike ta bari ki kammala sai ki zauna ki karanta mata daga farko har ƙarshe. Kin kammala, ciwo ya kwantar da ke. Bayan rasuwarki na gwada karanta mata, ban kai ƙarshen shafi ba ta ɗaga hannu ta ce in bari, wai muryarmu ɗaya ce, ba za ta iya ba. Ta hana kowa ma ya karanta mata. Sai ya zama fim ɗin nan ne kaɗai hanyar da za ta ga abin da 'yarta ta yi da labarin da ita ta ba ta. Tun daga ranar, duk zuwan da zan yi Kurfi, kafin in cire takalmi ta tambaye ni ko ya fito.

Ya fito, Yaya, na kalla, kuma na kwana biyu ina jin kamar in yi ihu.

Mu fara da shi kansa dodon. Wane irin dodo kika rubuta? Dodon fari, farin da ke hana ruwan sama, wanda Inna ta gani da idonta tana yarinya a Tamawa, shekarar da ƙanenta ya rasu goye a bayan uwarsu. Kin ce siriri ne kamar karan dawa, launinsa launin busasshiyar ƙasa, fatarsa duk ta tsattsage irin ta tabkin da ya ƙafe. Kin ce ba ya ƙara, ba ya cizo, ba ya bin kowa da gudu. Zuwa yake ya zauna a bakin rumbu, shi ke nan, sai rijiya ta fara ja da baya, sai maƙwabci ya fara ɓoye wa maƙwabci tuwo. Wannan shi ne abin tsoron. Na karanta wurin nan da rana tsaka amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Kin san abin da suka sa a fim? Wani ƙato ne fari fat, mai gashi buzu-buzu kamar an wanke tunkiya da omo, da haƙora zaƙo-zaƙo, yana buga ƙirji yana gurnani. Sun ɗauka fari na launi kike nufi. A baki ba Bahaushen da zai haɗa kalmomin nan biyu, ko yaron goye ya san muryarsu daban. A rubuce ne suka zama haruffa huɗu iri ɗaya. To amma don Allah, ko mutum bai ji muryar ba, bai karanta labarin ba ne? Labari daga farko har ƙarshe rijiyoyi na ƙafewa, shuka na ƙonewa, shanu na faɗuwa, sai a ce maka dodon fari, ka tafi ka kawo mana dabbar ƙasar ƙanƙara? Wannan mai gashin, in ya yi wuni ɗaya a ƙauyen Ɗantutture cikin bazara, ai shi za a tausaya wa.

Ba su tsaya nan ba. Matan ruwa da kika rubuta, tsofaffi ne masu zuwa kasuwa da ƙwaryar nono kamar kowa, ba a gane su sai ta gefen zaninsu da ba ya bushewa, da ɗan danshin da suke bari a inda suka zauna. Ni har yau in na ga tsohuwa a kasuwar Dutsin-Ma sai na saci kallon gefen zaninta, ke kika ja min. A fim kuwa 'yan mata ne da jelar kifi, da gashin kanti har gadon baya, da gashin ido na sayarwa, suna kwance a kan dutse suna murmushi. Da jelar kifi za su je kasuwa? Wa zai ɗauke su a mashin?

Sai shamuwa. Kin ce babbar shamuwa ce ke ɗauko girgijen farko a ƙarƙashin fiffikenta, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san me ya sa kika zaɓe ta, tunda ita manomi ke jira ya gani kafin ya gyara garma. Su sai suka ga shamuwa ba ta da kwarjini. Suka mayar da ita wani tsuntsu mai ƙaho yana fesa wuta daga baki. Garin da ya bushe, ciyawa ta zama ƙirare, wuta ce ta rage a kawo musu?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙarshen. A naki, ba takobi, ba jarumi. Tsohuwa Gwamma ce ta lura cewa tunda dodon ya shigo gari ba wanda ya yi masa abin da ake yi wa kowane baƙo, wato a miƙa masa ruwa kafin a tambaye shi daga ina. Ta ɗebo ɗan abin da ya rage a gindin randarta a ludayi, ta durƙusa ta ba shi. Ya sha, ya tashi ya kama hanya, bai kai bayan gari ba hadari ya haɗo. Ni a wurin nan na ajiye waya na yi kuka. Su kuwa sun cire Gwamma gaba ɗaya. Wani saurayi suka kawo, ƙirji waje, ya sare kan dodon, jini ya yi tsiri. Kuma wai saurayin yana da budurwa, kuma a tsakiyar fim, ana tsakiyar fari, mutane na mutuwa da ƙishirwa, su biyun suka fita suna rawa da waƙa cikin ruwan sama. Daga ina ruwan ya zo, Yaya? In akwai shi, me ya hana su tara a bokiti su kai wa mutanen gari?

Ba zan zalunce su ba, abu ɗaya sun yi daidai. Akwai inda wata mata ta zura guga a rijiya, igiya ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, sai aka ji gugan ya bugi busasshiyar ƙasa. Wannan ƙarar taki ce, haka kika rubuta ta. Na mayar da wurin baya na sake saurara. Kuma shi ya ƙara min haushi, don ya nuna da sun so da sun iya.

Na karɓi lambar daraktan wurin Malam Nura na kira shi. Mutum ne mai fara'a, ya yi ta kirana Hajiya, ya yi miki addu'a mai kyau. Ya ce aikin halittun wasu samari aka ba a Legas masu haɗa hoto da kwamfuta, ba sa jin Hausa, sai aka fassara musu labarin da waya, wayar kuma ta ce musu dodo ne mai launin fari. Ya ce da hoton ya dawo shi ma ya lura, amma ya ga ya yi kyau, kuma farin abu ya fi fitowa a kyamara. Ya ce in duba abin da masu kallo ke rubutawa. Na duba. Yabo suke ta yi. Yara a ajina ma sun kalla, suna ta kwaikwayon gurnaninsa a filin makaranta, suna kiransa Farin Dodo. Na tsayar da darasi na yi musu bayani, suka saurare ni da ladabi, aka tashi hutun tara suka koma gurnani. Yanzu waɗanda suka san mai gashin sun fi waɗanda suka san naki yawa nesa ba kusa ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kin tuna matar nan ta guruf mai kiran kanta Maman Shamuwa, wadda duk shafin da kika tura sai ta zo da gyara? Ita ce ta ce miki a babi na baya rijiyar gabas da masallaci take, yanzu kin mayar da ita yamma. Ita ce ta ce akuya ba ta yin abin da kika ce ta yi. Har kika zo kina yi min ƙorafinta, kina cewa matar nan ba ta da aikin yi. Ni ce, Yaya. Da tsohon layina nake shiga. A gabanki ina tsokanarki da cewa babbar mace da ke kina ta rubuta tatsuniya, a bayan idonki kuwa ba ki da mai karatu kamata. Ba gyara nake son yi ba, so nake ki san akwai mai bin kowane layi. Wani lokaci ina zargin kin gane ni kika yi shiru. Kin gane?

Na yi ta ja wa Inna lokaci. In ce mata ba caji, in ce mata ba a sake shi duka ba. Har wata maƙwabciya ta shigo ta ce ai 'ya'yanta sun kalla tuni. Daga nan ba ni da sauran dabara. Jiya Asabar na aro kwamfutar wata abokiyar aikina don allonta ya fi na waya girma, na hau mota zuwa Kurfi. Bayan la'asar na shimfiɗa mana tabarma a inuwar ɗakinta, na ɗora kwamfutar a kan turmi. Inna ta yi wanka, ta sa zaninta na zuwa biki, ta ɗaura kallabi, kamar za ta tarbi baƙo. Da na ga haka sai da na shiga ɗaki na share ido.

Ta matso da fuskarta dab da allon. Da sunanki ya fito na nuna mata, ta sa yatsa ta shafa wurin. Da aka zo kan gugan nan, ta gyaɗa kai, ta ce haka yake, haka ya yi a Tamawa. Da mai gashin ya bayyana yana gurnani, na saci kallon fuskarta. Ta dube shi da kyau, ta tambaye ni wace dabba ce wannan. Na ce mata shi ne dodon. Ta yi ɗan murmushi ta ce a'a, wannan dai wani ne aka sa a gaba, na gasken bai iso ba tukuna. Ta zauna ta kalli masu jelar kifi, ta kalli rawar ruwan sama, ta kalli sare kai. Duk wanda ya shigo allo siriri sai ta ƙara matsowa.

Da rubutu ya fara hawa sama, alamar an gama, sai ta gyara zama ta ce, “To kashe haka nan, Jummai, idona ya gaji. Gobe kya kunna mani sauran. Ina son in ga inda zai zo shi zauna bakin rumbu. Ɗiyata ta san shi, ni na faɗa mata kamanninshi, ba ta ɓata shi.”

Na ce mata to.

Babu saura, Yaya. Iyakarsa ke nan. Yau ce goben da ta ce, ga ni zaune a ɗakinmu na dā ina rubuta miki wannan, ina jin motsinta a tsakar gida tana kakkaɓe tabarma, ta riga ta aika a jawo turmin. In na sake ce mata mai gashin nan shi ne, ko dai ta ɗauka ke kika manta abin da ta faɗa miki, ko ta gane an ɓata abu ɗaya da take jira daga gare ki. In na ce a jira kashi na biyu, har yaushe zan riƙa ce mata gobe? Ke ce mai iya ƙarasa labari, ni gyara kawai na iya. Me zan kunna mata?

Ga shi tana kirana. Zan tashi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke daga tafkin da ba ya ƙafewa.

Taki har kullum,
ƙanwarki Jummai, mai yawan gyara.