Mariƙin Cokalin Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya kuma bayin Allahn da kike koyon allura a jikinsu? Allah ya ba su haƙuri.

Mu nan ƙalau, sai dai Baba. Tun da ciwon nan ya taɓa hannunsa na dama, yatsun ba sa rufuwa a kan cokali. Likita ya ce ya koyi ci da hagu, Baba ya ce shi tsakaninsa da hagu sai tsarki. Inna ta kai masa loma baki, ya kau da kai, wai shi ba jariri ba ne. Shayi kawai yake kurɓa. Wandonsa har ya fara zamewa, Yaya, ni da ba na ƙyale kowa na kasa tsokanarsa.

Kwamfutar da kika bar min, wadda kika rantse ƙwallo zan ƙare kallo da ita, ta samu aiki. Kin tuna Mai Tabarau, ɗan maƙwabtanmu da ke kwalejin fasaha? Aikinsa na kammala karatu a kan kayan taimakon marasa lafiya ne. Ya sa min wata manhaja da ake gina abu a cikinta, kana juya shi ta kowane gefe kamar yana tafin hannunka. Turancinta ban san ko ɗaya ba. Maɓallan na haddace kamar yadda ake biya mana karatun allo: wannan ja, wannan murɗa, wannan kumbura. Abin da na fara ginawa kan Mai Tabarau ne, da kunnuwa kamar faranti. Bai ji haushi ba, sai ma ya nuna min inda kunnen ya huje, ya ce injin kwalejinsu, mai ƙera abin da aka gina a kwamfuta da roba, ba ya fitar da abu mai ɓula.

Yanzu mariƙin cokali nake yi wa Baba, mai kauri, da gurbin kowane yatsa. Na sa ya damƙi yumɓu na ɗauki hotonsa, a kansa nake gini. Ki taya ni da addu'a. Inna tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Ƙiriniya

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan jarrabawa ba ta ramar min da ke ba.

Yaya, na sha kunya. Injin ya fitar da mariƙin da farar roba, sumul, na kai wa Baba gaban Inna ina ta hura hanci. Ya juya, ya juya, yatsu suka ƙi zama. Da ya mayar hagu sai ya zauna daram. Ashe da kyamarar gaba na ɗauki hoton, don ta bayan wayata ta fashe, ita kuma juya abu take kamar madubi. Baba ya ajiye shi a hankali, ya ce ya san halina, amma bai zaci wasana zai kai kan ciwonsa ba. Na rantse, na sake rantsewa. Wa zai yarda da wanda ya taɓa ɗinke masa hannun riga ranar ɗaurin aure? Ranar da na kai masa mariƙin ko shayin bai sha ba.

Na je wa Mai Tabarau kamar zan yi kuka, ina cewa sai mun rushe mun sake daga tushe. Ya yi dariya har ya cire tabaran, ya ɗora yatsana a kan wani maɓalli da ban taɓa haddacewa ba. Dannawa ɗaya, hagu ta koma dama. Ya kuma bar min layinsa na injin, alhali nasa aikin bai gama ba. Shi ya kawo wa Baba sabon da kansa, ya ce malamansa na son sanin ko ya yi daidai, don ya san in daga hannuna ne ba za a karɓa ba.

Baba ya zura yatsu. Inna ta ajiye kwano ta fita tsakar gida, wai za ta duba shanya, ni kuma na laɓe bayan labule. Rabin shinkafar a rigarsa ya ƙare. Rabin ya ci da hannunsa na dama, ya yi hamdala, ya ƙwala wa Inna kira a ƙaro.

Na gode da kwamfutar, Yaya, Allah ya saka miki da alheri. Ki daina sa ran za ta dawo.

Naki har kullum,
Ƙiriniya